Jijjigar Masu Ciki a Nguru da Gashuwa: Abin da Bincike Ya Tabbatar

A shekarar 2009 waɗansu likitocin mata, cikinsu har da A. A. Kullima da M. B. Kawuwa da B. M. Audu da A. D. Geidam, suka buga sakamakon wani nazari a mujallar Annals of African Medicine, bayan da suka bi littattafan ɗakin haihuwa na Asibitin Tarayya da ke Nguru shafi bayan shafi, tun daga Janairun 2003 har zuwa Disambar 2007. A cikin waɗannan shekaru biyar an karɓi haihuwa 3,931, mata 112 kuwa suka riga mu gidan gaskiya ta sababin ciki ko haihuwa, wato kusan uku ke nan a cikin kowane ɗari. Da aka tantance dalilan rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya, sai aka tarar 52 daga cikinsu jijjiga ce ta yi ajalinsu, sannan ƙwayoyin cuta masu shiga jini bayan haihuwa suka biyo baya, sannan zubar jini. Duk mata biyar da aka kawo suna jijjiga, fiye da ɗaya ba ta koma gida ba; kuma daga cikin 52 ɗin nan, 11 sun rasu da cikinsu tun ba su sauka ba, 18 kuwa an ciro 'ya'yansu babu rai.

Wajibi ne mai karatu ya fahimci waɗannan alƙaluma a kan haƙiƙarsu, domin asibitin Nguru shi ne matuƙar tafiya ga wadda lamarinta ya gagari gida, ya gagari ƙaramin asibitin ƙauye, ya gagari babban asibitin ƙaramar hukuma, ko daga Machina aka ɗauko ta, ko daga Karasuwa, ko Yusufari, ko Jakusko, ko ƙauyukan gabashin Jigawa, ko ma tsallaken iyakar Nijar; saboda haka abin da ya taru a littafinsa shi ne mafi tsananin abin da ke faruwa a ƙasar, ba matsakaicinsa ba. Amma kuma akwai wani gefen, wanda ya fi nauyi a zuciya: wadda ta rasu a ɗakinta, ko a cikin kwale-kwale, ko a bayan amalanke kafin a fito bakin kwalta, ba ta shiga wannan lissafi ba. Nazarin ya nuna cewa adadin mace-macen ya sauka, daga sama da 6,000 cikin kowace haihuwa 100,000 a 2003 zuwa ƙasa da 2,000 a 2007, wanda hujja ce cewa aikin likitoci da ungozomomin asibiti yana da tasiri bayyananne. Sai dai duk da saukar, jijjiga ba ta bar matsayinta na farko ba. A faɗin Nijeriya kuwa, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya kai mata kimanin 75,000, fiye da rubu'in dukkan matan da suka rasu ta sababin ciki ko haihuwa a duniya baki ɗaya.

Abin da ya sa jijjiga take firgita mutane, har a jingina ta ga iska ko sammu, shi ne yadda take bayyana kamar ba ta yi sallama ba: yarinya mai cikin fari tana zaune tana hira da 'yan uwanta, sai idanunta su juye, jikinta ya sandare, ta kama karkarwa tana taune harshe, sai gida ya rikice, wannan ya kawo turare, wancan ya ruga kiran mai ruƙiyya, wata ta cusa mata cokali a baki. Alhali kuwa abin da binciken likitanci ya tabbatar, bayan nazari na shekaru masu yawa a ƙasashe daban-daban, shi ne cewa faɗuwar nan ƙarshen al'amari ce, kuma mafarinsa yana can baya da watanni, a lokacin da mai cikin kanta ba ta ma fara jin motsi ba.

Ga yadda masana suka bayyana shi. Tun a makonnin farko na ciki, mabiyiya takan kafu a jikin mahaifa, ta aika da waɗansu ƙwayoyin halittarta su kutsa cikin ƙananan jijiyoyin jinin uwa, su sassauta bangonsu, su buɗe su, har su zama faffaɗan hanyoyi da jini zai riƙa kwarara ta cikinsu a hankali kuma a wadace, aikin da yakan kammala kafin ciki ya kai rabinsa. Duk wanda ya san noman shinkafa a fadamun Bade ya san cewa idan ba a yashe hanyar ruwa tun kafin shuka ba, gona za ta yi ƙishi ko da kogi ya cika ya batse. To haka lamarin yake a nan, domin idan jijiyoyin suka zauna a ƙuntace, mabiyiya ba ta samun isasshen jini, kuma da zarar ɗan tayi ya girma buƙatarsa ta ƙaru, sai ta galabaita ta fara zuba waɗansu sinadarai a cikin jinin uwa. A shekarar 2003 wani likitan ƙoda a birnin Boston na Amurka, Ananth Karumanchi, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa ɗaya daga cikin sinadaran nan, wanda ake kira sFlt-1, yakan kame abubuwan da ke kiyaye lafiyar shimfiɗar cikin jijiyoyin jini. Idan shimfiɗar nan ta sami illa, jijiyoyi sukan tsuke jini ya hau, matatar ƙoda takan fara yoyon furotin cikin fitsari, hanta takan kumbura, ƙwayoyin da ke daskarar da jini sukan ragu, kuma daga ƙarshe ruwa ya tsattsafo cikin ƙwaƙwalwa, a sami jijjiga. Wannan ne dalilin da ya sa cutar ba ta da wata waraka ta ƙarshe face a raba uwa da mabiyiya, ko da yake takan iya kama mace a kwanakin farko bayan ta haihu, kafin dafin ya gama barin jikinta.

Fa'idar wannan ilimi ita ce, tun da cutar tana tafiya daki-daki, to ana iya riskar ta a hanya. Na'urar awon jini da ake ɗaurawa a dantse, idan ta nuna 140 bisa 90 ko sama da haka bayan ciki ya wuce mako 20, da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari ya sauya launi idan akwai furotin, waɗannan biyun kaɗai sun isa su tona asirin cutar a mafi yawan lokuta, makonni kafin mace ta faɗi. Idan awo ya kai 160 bisa 110, ko mace ta fara kukan ciwon kai mai naci, ko ganinta ya dushe tana ganin walƙiya, ko ta ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko fitsarinta ya ragu, to lamarin ya zama na gaggawa, ba a kwana da shi a gida. Abin baƙin ciki shi ne waɗannan alamomi su ne ake yi wa fassara mai daɗi, a ce kumburi alamar tagwaye ce ko ɗa namiji, ciwon kai kuwa laulayi ne. Kuma waɗanda cutar ta fi kamawa, wato masu cikin fari, musamman ƙananan 'yan mata, su ne kunya ta fi ɗaure wa baki, har yarinya ta kwana uku kanta na sarawa ba ta gaya wa uwar mijinta ba. Bayan su akwai mai tagwaye, da wadda ta manyanta, da wadda ta taɓa yin cutar a wani ciki, da mai hawan jini tun asali, da mai ciwon suga, da mai sikila, da mai ciwon ƙoda.

Ɗan da ke cikin mahaifa kuwa yakan riga uwarsa shiga wahala. Idan abincinsa da iskarsa suka ragu, jikinsa yakan karkatar da ɗan jinin da ya samu zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya tauye rabon sauran gaɓoɓi, sai girmansa ya tsaya, ruwan da yake kwance a ciki ya ƙaranta, motsinsa ya yi rauni, wani lokaci ma mabiyiya ta ɓalle daga jikin mahaifa tun kafin naƙuda. Tun lokacin da wani likita mai suna Ian Donald ya buga aikinsa a Gilasgo a 1958 kan leƙa cikin jiki da amon sauti, hoton ciki ya ci gaba har ya kai ana auna gudun jini a igiyar cibiya, a gane ko jinjiri yana ƙoshi ko yana cikin ƙunci. Amma a ƙasarmu hoton ya fi yin suna wajen sanin jinsi da kwanciyar ɗa a watan ƙarshe, alhali mafi amfaninsa shi ne wanda aka yi kafin mako 24, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2016, saboda shi ne yake tabbatar da shekarun ciki, ya kuma bayyana tagwaye. Idan an san shekarun ciki, ko da igiyar awo irin ta tela malamar asibiti za ta iya gane cewa ɗa ba ya girma yadda ya kamata.

Muhimmancin sanin shekarun ciki ya fito fili a wani darasi mai ɗaci. An daɗe da sanin cewa idan aka yi wa uwa allurar da ke gaggauta nunar huhun ɗan tayi kafin a haife shi bakwaini, yakan fi samun damar rayuwa. Amma da aka gwada yaɗa allurar a ƙauyuka da ƙananan asibitocin ƙasashe matalauta, inda ƙiyasin watanni ake yi da ka, sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi. Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwajin a manyan asibitocin ƙasashe biyar, Nijeriya na ciki, inda ake tabbatar da shekarun ciki da hoto kuma akwai kulawar jarirai, sannan a 2020 aka ga allurar deksametason ta rage mutuwar bakwaini. Maganin bai sauya ba, wurin da sharuɗɗan ne suka sauya, kuma wannan ya isa hujja a kan cewa abin da aka tabbatar a wata ƙasa yana buƙatar a sake jarraba shi a inda za a yi aiki da shi.

Ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu a ɗauki ciki a matsayin hatsari. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake karantarwa a zaurukan Nguru da Gashuwa da dukkan ƙasar Barno, hukuncin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa shi ne cewa mai ciki idan ta cika wata shida, ana ba ta hukuncin majinyacin da ake jin tsoron ajalinsa, ba a zartar da kyautarta a cikin abin da ya wuce sulusin dukiyarta. Fuƙaha'u sun gina wannan ne bisa abin da suka shaida a zamaninsu, cewa watannin ƙarshe na ciki lokaci ne da rai ke cikin haɗari. Idan shari'a ta yi ihtiyaɗi haka saboda haƙƙin magada a kan dukiya, to ihtiyaɗi saboda ran mai dukiyar da ran abin da ke cikinta ya fi cancanta, tun da kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin manyan manufofin shari'a. Kuma darajar shahada da aka yi wa wadda ta rasu wajen haihuwa bushara ce gare ta, ba ta sauke wa miji ko hukuma nauyin riƙo da sababi ba.

Maganin da ke tsayar da jijjiga, wato maganiziyam salfet, yana da tarihi mai ban takaici. Likitocin Amurka suna amfani da shi tun shekarun 1920, kuma Jack Pritchard na birnin Dallas ya tsara ƙa'idar bayar da shi a 1955, amma likitocin Ingila, da ƙasashen da suka koyi likitanci daga gare su, suka ci gaba da ba da dayazifam, maganin sa barci, kowane ɓangare yana riƙe da ra'ayin malamansa har tsawon shekaru. Saɓanin bai yanke ba sai a 1995, da aka buga sakamakon wani gwaji a kan mata kusan 1,700 masu jijjiga, aka raba su ta hanyar ƙuri'a domin kada son ran likita ya shiga, aka ga cewa maganiziyam ya fi sauran magungunan hana jijjigar dawowa nesa ba kusa ba. A 2002 kuma gwajin da ake kira Magpie, wanda ya haɗa mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna cewa idan aka ba mai hawan jinin ciki wannan magani tun ba ta faɗi ba, hatsarin jijjiga yakan ragu da fiye da rabi.

Abin alfahari ne cewa likitocin Arewa ba su tsaya jiran a kawo musu komai a dafe ba. A Kano, Farfesa Jamilu Tukur da abokan aikinsa sun shigar da maganin a asibitocin gwamnati goma daga 2008, suka horar da likitoci da ungozomomi, sai mace-macen masu wannan cuta ya faɗo daga kimanin kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da 'yan kai. A Sakkwato, Farfesa Bissallah Ekele da jama'arsa sun gwada bayar da kashin farko kawai, suka buga sakamakon a 2009, likitocin Maiduguri su ma sun gwada taƙaita tsawon lokacin allurar bayan haihuwa. Manufarsu duka ɗaya ce, a sami tsarin da asibiti mai ƙarancin ma'aikata zai iya ɗauka. Domin ƙa'idar Pritchard tana neman a fara da giram 14, huɗu ta jijiya goma a tsoka, sannan a riƙa maimaita giram biyar duk awa huɗu har kwana guda, ana duba numfashi da harbin gwiwa da yawan fitsari kafin kowace allura, kuma wannan nauyi ne babba ga nas guda ɗaya da ke tsaron ɗaki cike da mata cikin dare. Hukunci mafi amfani da aka ciro shi ne cewa ma'aikacin ƙaramin asibiti a ƙauye, idan an horar da shi, zai iya yin kashin farko kafin a ɗora mace a mota, ta yi tafiyar cikin kariya.

Rigakafi ma ya samu. Gwajin da wani likita mai suna Kypros Nicolaides ya jagoranta, wanda aka buga a 2017, ya nuna cewa ƙaramin asfirin da ake fara sha tun ƙarshen wata na uku ya rage irin cutar da ke tilasta haihuwa kafin lokaci da fiye da kashi 60 cikin ɗari a matan da aka tantance suna cikin hatsari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci a ba masu ciki ƙwayar kalsiyam a wuraren da abinci ya gaza da shi. Sai dai sharaɗin asfirin shi ne likita ne zai rubuta shi, kuma a fara kafin mako 20, lokacin da jijiyoyin jinin mahaifa suke kan buɗewa. Wadda ta fara zuwa awo a wata na bakwai, kamar yadda aka saba, wannan ƙofa ta riga ta rufe mata. Tun a binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya yi a Zariya a kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979 aka ga cewa babban abin da ya raba masu tsira da masu rasuwa shi ne zuwa awo da rashinsa, da kuma ilimin uwa, kuma nazarin Nguru ya sake samun bambanci ta waɗannan fuskoki biyu bayan kusan shekara talatin.

Game da zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne ya fi kashe mata a duniya, ya isa a ambaci gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Nijeriya. An yi shi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka huɗu, a kan mata fiye da 210,000, kuma ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin a ga yawan jinin da ta zubar, tare da haɗa dukkan matakan tsayar da jini a lokaci guda, ya rage munanan sakamako da kashi 60 cikin ɗari. A nan ma awo ne ya maye gurbin ƙiyasin ido.

To amma duk wannan ilimi yana aiki ne idan mace ta iso da rai. Ƙasar da ke tsakanin Nguru da Gashuwa ƙasar ruwa ce ta kudu, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala cikin fadamu kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, ta arewa kuwa ƙasar rairayi ce, saboda haka da damina ruwa yakan yanke ƙauyuka, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, da rani kuwa yashi ke riƙe mota. Masana sun kasa jinkirin da ke halaka masu ciki gida uku, jinkirin yanke shawara a gida, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa asibiti. Kuma a ganina na farkon shi ne ya fi kusa da hannunmu. Maigidan da ya tafi kamun kifi, ko cin rani, ko kasuwar Nguru, ya kamata ya bar izini a bayyane a gaban mahaifiyarsa da maƙwabtansa cewa duk sa'ad da aka ga alama a tafi da iyalinsa ba sai an jira shi ba, ya ajiye kuɗin mota, ya san direban da za a tasa cikin dare, ya kuma san wanda zai ba da jini. An gwada irin wannan tsari a Yobe da Jigawa da Katsina da Zamfara, inda aka haɗa kai da direbobin ƙungiyar sufuri domin ɗaukar mata masu naƙuda, kuma ba abin da ya hana kowace unguwa ta rayar da shi da kanta. Mazauna ƙauyen da ruwa ke yankewa kuwa, al'adar goyon ciki tana iya zama musu mafita, idan aka kai mai cikin da ke da hatsari gidan dangi a cikin gari tun kafin watanta ya kama.

Akwai kuma wata mas'ala da ta keɓanta da wannan yanki, wadda nake ganin ita ce ta fi cancantar himmar masu bincikenmu. Shekaru da dama ke nan mutanen Gashuwa da kewayenta suna kuka da yawan ciwon ƙoda, wanda ke kama har matasan da ba su da hawan jini ko suga, gidaje da yawa sun sayar da gona da dabba wajen biyan wankin ƙoda; an zargi ruwan sha, an zargi ƙarafa masu guba, da magungunan feshi, da tsananin zafi, da shan magani barkatai, har Gwamnatin Yobe ta sa cibiyar binciken BioRTC ta Jami'ar Jihar da ke Damaturu, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya assasa, ta shiga neman asalinsa tare da masana daga waje. Alaƙar wannan da batunmu ta fuska uku ce. Mace mai raunin ƙoda, ko da ba ta san tana da shi ba, ta fi sauran mata faɗawa hawan jinin ciki, kuma ɗanta ya fi shiga haɗarin tsumburewa da haihuwa kafin lokaci. Ita cutar kuma takan bar wa ƙoda tabo, domin wani nazari da aka buga a 2008 a kan mata fiye da rabin miliyan a ƙasar Nowe ya nuna cewa wadda ta yi hawan jinin ciki a haihuwar fari, hatsarin mutuwar ƙodarta daga baya ya ninka kusan sau biyar, ko da yake waɗanda abin ya samu ba su da yawa a can. Fuska ta uku ita ce maganiziyam ta ƙoda yake fita daga jiki, saboda haka idan ƙoda ta yi rauni yakan taru har ya danne numfashi, wanda ke nufin likitan Gashuwa yana buƙatar ya fi kowa lura da fitsarin majinyaciyarsa, ya kuma ajiye allurar kalsiyam da ke karya ƙarfin maganin a kusa da shi.

Har wa yau masana sun gano cewa jaririn da ya tsumbure a ciki, ko aka haife shi bakwaini, yakan zo duniya da ƙarancin matatun ƙoda, domin waɗannan matatu ana gama halittarsu ne kafin ƙarshen ciki kuma ba sa ƙaruwa bayan haka, sai ya girma da ƙodar da ba ta da rarar ƙarfi. A ƙasar da ƙoda ke fuskantar wata barazana daga muhalli, lafiyar mai ciki a yau tana iya shafar adadin waɗanda za su nemi wankin ƙoda nan da shekara talatin. Zafi ma ya shiga lissafi, domin wani bincike da aka buga a 2022 a kan mata manoma masu ciki a Gambiya ya nuna cewa idan zafi ya tsananta a gona, bugun zuciyar ɗan tayi yakan hau har ya nuna alamar wahala. Wanda ya san zafin Nguru a watannin Afrilu da Mayu, da matan da ke surfe da ɗiban ruwa da girki a cikinsa da tsohon ciki, zai so a auna wannan a nan gida.

Kayan aikin suna nan kusa: ga Asibitin Tarayya a Nguru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a Gashuwa a 2013, ga cibiyar Damaturu, ga likitocin Maiduguri da suka saba da yankin. Abin da ake buƙata shi ne a ɗauki mata tun daga awon farko, a gwada ƙarfin ƙodarsu tare da awon jini da na fitsari, a rubuta rijiyar da suke sha da aikin da suke yi, a auna nauyin jariransu ranar haihuwa, a ci gaba da bibiyar uwa da ɗa na tsawon shekaru, da yardar mata da mazajensu, da goyon bayan Mai Bade da Sarkin Nguru da limaman Juma'a, kuma a dawo a gaya wa jama'a abin da aka samu cikin Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci. Kafin a kai ga haka, akwai abin da kowane gida zai iya farawa da shi. Wadda ta yi hawan jini ko jijjiga a cikinta, idan ta yi arba'in, a mayar da ita asibiti a auna jininta da fitsarinta, a sake aunawa bayan wata uku; idan jinin bai sauka ba, ko furotin bai bar fitsarin ba, a haɗa ta da likitan ƙoda tun kafin ta ɗauki wani ciki, idan kuwa ta ɗauka, ta fara awo tun a wata na biyu ko na uku, ta gaya wa malamar asibiti abin da ya same ta a baya domin a duba ko za a ɗora ta a kan asfirin.